Baƙin Lallen Ikhlas

Ƙanwata Ikhlas tun tana ƙarama ba ta son abin da kowa ke so. In an ɗinka mana kayan salla iri ɗaya, sai ta saka nata a baibai. Don haka ban yi mamaki ba a shekarar 2009, tana ɗaliba a Kartum, da ta dawo gidanmu na Umbadda wata rana ta cire ɗankwali, muka ga gashinta a tsaye kamar tsohuwar tsintsiya.

A wani shagon intanet ta gano su, wasu 'yan matan Turawa da ake kira 'yan sin, wato scene da Turanci. Gashi a kumbure, wani ɓangare ya rufe ido ɗaya, kwalli raɗau, safa mai ratsi-ratsi, farce baƙi ƙirin. Ikhlas ta ce ta ga danginta. Kakarmu Habboba Indo, wadda iyayenta suka taso daga Katsina za su Makka suka yada zango a nan, ta ce ita dai ba ta san wannan reshen na dangi ba.

Kafin wata guda ta zama malamar 'yan matan layinmu. Gashi, in ji ta, daga baki ake taje shi zuwa tushe, a shafa ruwan sukari ya ƙame, amma kar a jingina da bango saboda tururuwa. Farin gashin kanti a jiƙa shi a zoɓo mai kauri, ya fito ja, a maƙala sili biyu a gefe. Kwalli sau uku ake ja. Matsattsen wando kuwa a ƙarƙashin abaya yake zama, domin a wancan zamanin wando a titi na iya ja wa mace bulala. Abin da ke ba ni haushi shi ne, bayan awa biyu ta tare mana madubi, sai ta ɗora ɗankwali a kan komai ta fita, ba mai gani sai ita da Allah.

Farce ne ya gagare ta. Fentin farce na hana ruwan alwala shiga, ita kuwa ba ta wasa da salla. Sai dabara ta faɗo mata, ta kwaɓa baƙin lalle ta tsoma kan yatsunta goma. Ina wurin aiki a Bahri ranar, ba don haka ba da na kwaɗe mata hannu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san budurwa ba ta baƙanta kan yatsu, wannan adon matar aure ne. Ita ma ta sani, hotuna ne suka cika mata kai.

Akwai wani mai raksha, wato a-daidaita-sahu, Muhajir, da ya shekara yana kai ta tashar mota kullum da safe. Kunya gare shi kamar sabuwar amarya. Duk layin sun san yana sonta, ita ma tana sonsa, kuma ya riga ya gaya wa gwaggonsa zai turo manya bayan salla. Washegarin lallen ta miƙa hannu za ta kama ƙarfen raksha, idonsa ya sauka a kan yatsun. Ya kai ta har tasha. Da ta sauka ya ce, "Mabruk. Allah ya ba da zaman lafiya." Ita kuwa ta ɗauka kwalliyar yake yabo, ta ce masa shukran har da murmushi.

Bai sake zuwa ba. Maƙwabta kuma suka fara shigowa suna yi wa mahaifiyarmu ƙorafin an ɗaura aure ba a gayyace su ba. Mu muna dariya har da riƙe ciki, Ikhlas tana bayan gida tana dirzar yatsu da lemun tsami, da toka, da sabulun wanki. Fata ta ɗaye, baƙin yana nan. A kwana na biyar na same ta tana kuka, kwallin nan ya gangaro har haɓa, sai tausayinta ya kama ni.

"Yaya Husna, ya kashe wayarsa. An ce ya koma tashar kasuwar Suk Libya. In na ce ba aure na yi ba, zai yarda?"

Habboba, wadda muka zaci barci take, ta ce daga kan gado, "Ya bitti, yarinyata, amarya hannu kaɗai ake yi wa lalle?"

Ni na raka ta. Tsakar rana, kasuwa cike, masu raksha sun yi layi a inuwar wani shago. Muhajir na hango mu ya sunkuyar da kai. Ikhlas ta tsaya a gabansa, ta cire takalmi, ta zare safar nan mai ratsin hoda da baƙi, ta ɗaga masa tafin ƙafa ɗaya, sannan ɗayan. Fari fat.

"Ka taɓa ganin amaryar da aka bar wa ƙafa haka, ya zol, bawan Allah?"

Abokansa suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi ƙafar, ya dubi hannun, ya daɗe. Kwalta ta fara cin ƙafarta, tana ɗaga wannan tana sauke wancan, amma ta ƙi matsawa sai ta ji amsa.

Sai ya cire silifas ɗinsa ya tura mata, shi ya taka kwaltar da ƙafa tsirara. Ya ce, "Kwana biyar ban ci abincin kirki ba, Ikhlas. Babanku yana gida ranar Juma'a, in turo manya?"