Memorin Kwamfutar Maigidana

Da na fita takaba, gidanmu na Gyadi-Gyadi ya yi tsit, 'yan gaisuwa duk sun ɗauke ƙafa. A durowar maigidana na tsinci kwamfutarsa, wani ɗan allon lantarki ne tsirara, ba murfi ba gilashi, bai fi tafin hannuna ba. Da ransa kullum tsiya nake masa, babba da shi yana wasan yara. A ciki ya tara hotunanmu da duk hirar da ya naɗa, don shi ba ya barin komai a waya. Ni kuwa muryarsa kawai nake so in ji.

Ashe abar ba ta tashi ita kaɗai. Kayan haɗinta 'yan'uwansa sun kwashe, allon ne suka bar mini, a ganinsu tarkace ne. Na shiga kasuwar Tarauni na sayo wayar da ke haɗa ta da talabijin. Bakinta bai shiga ba, na koma na canzo mai ƙaramin baki, na haɗo da kibod. Caja kuwa na ce ta wayata ta isa, ai caja caja ce. Na jona, jar fitila ta kama, talabijin baƙi ƙirin. Kwana uku ina jonawa ina cirewa, ba ni da wanda zan tambaya.

Na ce to memorin da ke jikinta ce ta lalace. Na zare ta na ƙulle a bakin mayafi, na kai wa dattijon da ke tura wa mutane fina-finai a bakin titinmu. Ya san maigidana sosai, shi ya sa kunya ta hana ni cewa muryar mijina nake nema. Cewa na yi ya duba kawai. Ya ce kwamfutarsa ba ta karanta ta, in dawo bayan la'asar.

Da na dawo ya miƙo mini da fara'arsa.

"Hajiya, na goge ta tas, ta dawo sabuwa. Na zuba miki wa'azi, ladan ya kai wa marigayi."

Na yi godiya. Wallahi har addu'a na yi masa.

Sai bayan mako guda abokin aikin maigidana ya kira gaisuwa, na ba shi labari. Ya ce ai memorin lafiyarta ƙalau, irinta ba kowace kwamfuta ke karantawa ba. Cajata ce ba ta da ƙarfi.

Na yi kuka, na zagi kaina son raina. Memorin tana cikin wayata yanzu. Ina kunna wa'azin in ina shara, don dai a ji ana magana a gidan.