Giyar da Ba Ta Son Bargo

Inna ta zo London ne don ta yi mini wankan jego, kuma ba ta yi ba. Tiyata aka yi mini aka ciro yaron. Da ungozomar da ke zuwa duba ni a gida ta ji irin ruwan da Inna ke nufi, tafasasshe ana fyaɗa shi da ganye, sai da ta ajiye jakarta ta nemi kujera. Ta ce ko kusa. Ganyen darbejiyar da Inna ta busar tun daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi ya ƙare a saman kabad, cikin ledarsa.

Daga nan komai ya shiga ƙwace mata aiki. Wanki inji ke yi. Tuwo idan ta tuƙa a murhun lantarki, ko ya kama ko ya ƙi nuna. Ba tsakar gidan da za a share, ba maƙwabciyar da za a leƙa. Muna hawa na huɗu a wani gidan hayar gwamnati, irin na council, bayan Old Kent Road, ga sanyin Nuwamba ya fara cizo. Sai ta naɗe cikin suwaita biyu da mayafi, ta zauna gaban taga tana kallon jajayen bas suna wucewa. Matar da a gida ba ta zama ko na cin goro, ita ce ta koma haka.

"Ke," ta ce da ni wata rana. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "A matso mini da tikitin komawar nan. Ba abin da nake tsinana muku sai cin abinci."

Fada, limamin cocinmu, ya sa baftismar yaron a ƙarshen Janairu, ni kuwa abu ɗaya nake so a duniya, Inna ta riƙe jikanta na fari a coci ranar nan. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi ƙaryar cewa jirage sun cika. Ta ce to a nemo mata wanda bai cika ba.

Maigidana ba shi da ta cewa, don tsakaninsa da Inna akwai kunyar surukuta mai kauri. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ba ta cin abinci a gabansa. A falon da mutum biyu ba sa wucewa sai sun gogi juna, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Allah ya taimake su da jariri. Duk abin da Inna ke son faɗa wa surukinta sai ta faɗa wa yaron, shi ma ya amsa ta wajen yaron. Yaro ko wuyansa bai tsaya ba, ya zama ɗan aike.

Shi maigidan nawa direban bas ne, mutumin Wusasa, kuma yana da wata cuta da ba ta tashi sai da sanyi: dafa giya a gida. Wani abokin aikinsa ɗan ƙasar Cek ne ya koya masa irin tasu da ake kira pilsner, ruwan zinariya, garau, mai ɗan ɗaci. Ita wannan giya a cikin sanyi take tashi, a hankali, sannan a bar ta ta kwanta makonni cikin sanyin da ya fi na farko. Da yake ba mu da wurin ajiye firji na biyu, ɗan kabad ɗin da ke barandarmu shi ne firjinsa. A shekarar nan ya ce zai dafa ta baftisma.

Ita kuwa Inna, ko a kasuwar garinmu ka ce gidan mai burukutu, gidanmu za a nuna maka. Ciwon gwiwa ne ya raba ta da sana'ar. Na san da wannan, shi ma ya sani, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa mun haɗa masu dafa giya biyu a kicin ɗaya.

Ranar Asabar ya ɗora babbar tukunyarsa, ya jiƙa tsiron sha'ir a ruwan zafi. Ƙamshin ya cika gida, mai zaƙi, irin na kunu. Ina zaune ina ba yaro nono sai na ga Inna ta bar tagarta ba wanda ya kira ta. Ta karɓi yaron daga hannuna, ta je ta tsaya bakin ƙofar kicin, hancinta na motsi.

"Tambayi babanka, wannan wace irin dawa ce?"

"Ka ce wa Inna sha'ir ne, dawa ba ta yi a ƙasar nan."

"Ka ce masa ya juya, za ta kama a ƙasa."

Ya juya. Ta tsaya a nan har ya tace, ya tafasa, ya zuba wani busasshen fure mai ɗaci da suke kira hops. Ta sa hannu ta murza dusar, ta yi tsaki da ta ji ba akuyar da za a ba. Duk wannan ta yarda da shi. Amma da ya juye ruwan a farin bokitinsa, ya zuba yis, ya rufe, ya ɗauka ya nufi baranda, sai ta dafe ƙirji.

"Ina zai kai ta?"

"Waje, Inna," na ce. "Sanyi take so."

"Giya? Abu mai rai? Ke kin taɓa ganin na bar tuluna a waje ba rufi?"

Ran Litinin, bayan ya tafi aiki, na fito wanka na tarar da ƙofar kabad ɗin tukunyar ruwan zafi a buɗe, wurin da muke shanya tawul don ɗuminsa. Bokiti na ciki, an naɗe shi da bargona, an ɗaure da zanen atamfa kamar goyo. Yadda ta jawo shi da gwiwoyin nan nata, har yau ban sani ba. A kan murfin akwai ɗan bututu mai ruwa da iska ke fita ta ciki. A baranda sai ka gaji da jira kafin ya ce ɓul. Nan kuwa ɓul-ɓul-ɓul yake yi ba numfashi.

"Kin ji?" Inna ta ce, fuskarta fal murna. "Ta farfaɗo. Da sun kashe ta."

Da yamma maigida ya dawo, ya leƙa baranda, ya dawo falo ido waje. Na nuna masa kabad da baki. Ya jira Inna ta shiga ɗaki, ya kwance goyon, ya ninke zanen da ladabi ya ajiye kan kujera, ya mai da bokiti waje. Washegari yana fita, bokiti ya koma ɗumi. Haka aka yi ta yi. Da safe gaisuwa lafiya lau, da rana bokiti a ciki, da yamma bokiti a waje, kuma ba wanda ya taɓa ambaton bokiti, ko ta bakin jariri.

"Don Allah ki yi mata explaining," ya ce da ni a ɗaki, murya ƙasa. "Za ta yi spoiling ɗin batch ɗin gaba ɗaya."

Na ƙi. Na san gaskiyarsa ce, amma tun da aka fara wannan yaƙi Inna ba ta ƙara maganar tikiti ba. Ta bar zaman taga. Tana waƙa a kicin, tana zuwa ta kara kunne a jikin bokiti tana yi masa sannu. Na ce masa idan giya ce kuɗin dariyar uwata, to a sha ruwan lemo ranar baftisma. Ya dube ni, ya dubi silin, ya daina fitar da bokitin.

Da iskar ta daina fita, ya buɗe murfin don ya ɗanɗana. Tun daga falo na ji warin, wani abu tsakanin ayabar da ta wuce nuna da ruwan goge farce. Ya ɗiba a kofi, ga ta dulu-dulu. Ya kurɓa, ya yi ƙoƙari ƙwarai da fuskarsa.

"Ka ce wa Inna ta yi ƙarfi."

Inna ba yarinya ba ce. Ta ce wa yaron ya tambayi babansa ko akwai ragowar ta bara. Akwai kwalba ɗaya da yake ɓoyo a bayan firji. Ta sa na zuba mata duka biyun, ta shige ɗaki da su, don ba za ta sha a gaban suruki ba. Na bi ta. Ta ɗaga ta bara a hasken taga, har ana ganin yatsunta ta cikin kofin. Ta kurɓa, ta riƙe a baki. Ta kurɓi tata. Sannan ta ajiye kofunan a ƙasa.

"Na ɓata masa giya," ta ce. "Abu ɗaya da na iya a duniya, shi ma a garin nan ɓarna ne. Sauko mini da akwatina."

Wannan karon ba roƙo take yi ba. Na sauko da akwatin ina kuka, na yi mata booking na Laraba mai zuwa. Na ji haushin kaina, na ji haushin bokiti, har da ɗan Cek ɗin da ban taɓa gani ba.

Maigida dai tambaya ɗaya ya yi mini: wai a gida, idan Inna ta ɗora giya aka kira ta unguwa, wa ke sauke mata? Na ce ba kowa, don ba ta zuwa. Bikin ƙanwarta guda ta ƙi zuwa saboda tana da giya a wuta. Abin da ta sa wa hannu, ita ke ganin ƙarshensa. Ya ce, "Okay," ya fita.

Ran Asabar sai ga tukunya a kan wuta, ƙamshi ya sake cika gida. Inna na ɗaki tana ninke kaya, ta rufe ƙofa. Can sai ga shi ya zo da muciya a hannu, ya durƙusa a bakin ƙofar, yana magana da yaron da ke kafaɗata.

"Ka ce wa Inna kafaɗata ta riƙe, tuƙin bas na jiya ne. Ko za ta taimaka ta juya mini, kar ta kama."

Ƙarya ce tsagwaronta, da safiyar ranar na ga ya ɗaga buhun shinkafa da hannun. Ƙofa ba ta buɗe ba. Sai ga warin kamu ya fara tasowa daga kicin, don ya ƙara wutar da gangan. Ba a yi wa Inna haka. Ƙofa ta buɗe, ta fizge muciyar ba ta dube shi ba, ta wuce tana faɗa da jariri a kan mutanen da ba su san darajar hatsi ba. Ita ta juya, ita ta tace, ita ta zuba furen, har yis ɗin da hannunta ya shiga. Da aka rufe bokiti ta goge hannu a zani.

"Tambayi babanka, yaushe za a sha?"

"Ka ce wa Inna sai ƙarshen Janairu."

Ta tsaya. Ta dubi bokitin, ta dube ni, na sunkuyar da kai kamar ina gyara wa yaro hula.

"Ka ce wa babanka ya iya wayo." Ta juyo gare ni. "Ke, tsayuwar me kike yi? Je ki ce wa masu jirgin a fasa. Shi kuma ya ɗauka ya kai ta waje, tunda wahala take so."

Daga ranar muka shiga uku. Matar da ke kwana da safa biyu ta zama mai gadin sanyi. Idan rana ta ɗan fito, sai ta jera robobin ƙanƙara kewaye da bokitin. Ta koyi karanta ɗan ma'aunin zafin da ke manne a jikinsa, ta fi mai shi leƙawa. Na taɓa shanya tawul mai ɗumi kusa da kabad ɗin barandar, na sha faɗan da rabona da irinsa tun ina budurwa. Ranar Kirsimeti sanyi ya yi tsanani, kowa na ƙorafi a coci, Inna kaɗai ke cewa madalla.

Ita ta riƙe yaron ranar baftisma, cikin sabuwar atamfa da kwat ɗina a sama. Da ruwa ya taɓa goshinsa ya tsala ihu, ta yi guɗa a tsakiyar cocin Turawa, har Fada ya tsaya yana dariya. Ni dai ban ga sauran da kyau ba, idona ya cika.

A gida falo ya cika maƙil. Maigida ya buɗe kwalbar farko ya zuba, garau, kumfa fari a sama. Ya miƙo mini in kai wa Inna ɗaki kamar yadda aka saba. Sai ta miƙa hannu ta karɓa a nan inda take zaune. Ta ɗaga kofin ta leƙa yatsunta ta ciki, ta kurɓa a gaban kowa. Yaron na barci a cinyarta, duk muka zuba masa ido muna jiran saƙo. Ba ta dube shi ba. Surukinta ta duba.

"Ta yi, ɗana," ta ce. "Ƙaro mini."

Ya tashi da sauri har ya yi tuntuɓe da kafet, ya nufi baranda ɗauko wata kwalbar.