Ku Bar Ni In Ɗebo Ruwana

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Jikina ne bai bar ni ba.

Da yawanmu mun ɗauka duk wanda ya gaji ya motsa jiki. Ni ma haka na ɗauka. Ina koyarwa, ina kuma kula da matasan cocinmu a nan Greensboro ta Amurka. Ni na raba musu agogon hannu mai auna motsin jiki, don na ga mota da waya sun zaunar da su. Duk Lahadi sai in duba, in yaba wa wannan, in tsokani wancan. Ni kam ban ɗaura ba. Ai kullum a gajiye nake.

Da ciwon kai abin ya fara. Wata safiya cokali ya suɓuce daga hannuna, bakina ya karkace. Mijina ya kira motar asibiti. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗebi jini. Likita ya ce, "Shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jini ya daɗe yana cin ki."

Inshora ba ta biya duka ba, amma ba shi ya sa ni kuka ba. Tsoro nake kada in kasa komawa gaban aji.

Wadda take koya mini tafiya 'yar asalin Sin ce, a Ostiraliya ta girma. Ta ɗaura mini agogo irin na yaran. Da na dawo ganinta bayan sallama, ta duba agogon, ta ga da ƙyar nake motsi, ta ce, "Wa yake ɗebo miki ruwa a gida?"

Yaran cocin ne, suna zuwa bi da bi. Tun kafin ciwon ma ko kujera ba sa bari in ɗaga. Mu muka koya musu babba ba ya tashi yaro na zaune.

"Haka muka yi wa kakata har ta daina tafiya," in ji ta. "Ki hana su."

Ranar da na miƙe zan shiga kicin, Laraba, babbar cikinsu, ta zabura. "Haba Anti, zauna mana! Mama ta ji ai na shiga uku."

"Laraba, in kina ƙaunata, ki bar ni."

Ta tsaya tana hawaye, ni ina jan ƙafa. Rabin ruwan ya zube a hanya. Na shanye sauran.

Yanzu na koma aji da sanda. Hannun hagun bai dawo duka ba, wataƙila ba zai dawo ba. Na gode wa Allah, na gode wa mijina, da yaran nan da suka koyi kallona ba su taɓa ni ba.

Ku je a auna muku jini. Gobe kuma in ƙishi ya kama ku, kada ku kira kowa. Ku tashi da kanku.