Kawu Illo da Ƙarafansa Masu Suna

Duk wanda ya san Kawu Illo ya san ba ya taɓa ƙarfen motsa jiki sai ya rufe ido. Zai shafa toka a tafin hannu, ya runtse ido kamar mai jiran allura, leɓɓansa na motsi. Baƙo sai ya ɗauka addu'a yake yi. Mu 'yan gida mun san zagi ne.

Yayan mahaifiyata ne, mutumin Dogondoutchi. Ya daɗe yana sauke buhunan albasa a kasuwar Gouro, da ya samu rumfar kansa sai jiki ya ƙi zaman banza. Ya zuba siminti a bokitai, ya soka musu sandar ƙarfe ta tsohuwar gbaka, wato ƙaramar bas ta haya, ya jera su a bayan gidanmu kusa da mahaɗar Roxy. Maganarsa kullum ita ce, "Hannu bawa ne, kai ne ubangida. Abin da ka gani a ka, shi hannu ke ɗauka."

Don haka kowane ƙarfe da sunansa. Ƙaramin Ɗan Duwan ne, saboda wani jami'in kwastan da ya taɓa riƙe masa albasa har ta ruɓe. Na tsakiya Mai Gidan Haya. Babban kuwa, wanda ƙato biyu ke ja, Hajiya Kulu, sunan surukarsa.

Wata Lahadi Hajiya Kulu ta gaske ta zo daga unguwar Belleville ganin 'yarta. Ta zagaya baya neman buta, ta tarar da Kawu ido rufe, yana huci yana cewa, "Hajiya Kulu, yau sai na ɗaga ki sama na maka ki da ƙasa." Mu da ke wurin kowa ya nemi bangon da zai kalla. Ya ɗaga, ya sauke, ya buɗe ido, ya gan ta.

Ta ce, "Illo, ni ce wannan?"

Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ita ba ya durƙusa ya ce, "Hajiya, girmamawa ce. Ai babba ake ɗagawa."

Ta zagaya bokitan, ta taɓa ɗaya da ƙafa, ta ce, "To a ƙara siminti. Na fi haka nauyi."

Ni ma ban tsira ba. Lokacin ina neman auren Rakiya, 'yan'uwanta suna ce mini tsinken tsire, na je wajen Kawu ya gyara ni. Ya kwantar da ni a benci, ya ɗora mini Ɗan Duwan a ƙirji. Na tura, ko motsi ƙarfen bai yi ba.

"Wa ka tsana a duniya?"

"Babu kowa, Kawu."

"Shi ya sa ka lalace. To rufe ido. Ga gbaka ta kife a Roxy, Rakiya na ƙarƙashi tana kiran sunanka. Ɗaga."

Na yunƙura har kunnuwana suka toshe, ƙarfe na nan inda yake. Kawu ya ce, "Allah ya jiƙan Rakiya." Sannan ya ce, "Sake rufe ido. Gbakar ce dai, amma yanzu farantin garba ne a ƙasa, wato acceke na garin rogo da soyayyen kifi, da barkono, yana tururi."

Wallahi ban san yadda aka yi ba, sai ga ƙarfe a sama. Na roƙi Kawu ya rufa mini asiri, ya ce ai shi kabari ne. Ranar ɗaurin aure, kafin a gama raba goro, dangin amarya duk sun ji. Har yau in muka yi faɗa Rakiya takan ce, "Je ka wajen kifinka."

Da aka buɗe wani wurin motsa jiki na zamani a Treichville, samari suka lallaɓa shi ya je. Bango duk madubi. Ya tuɓe riga, ya kama sanda, tsautsayi ya sa ya buɗe ido a tsakiyar ɗagawa. Nan take ya saki ƙarfen.

Mai wurin ya rugo, "Tonton, lafiya?"

"Wane ne wancan tsohon mai tumbi?"

"Ai kai ne, Tonton."

"Ƙarya ne. Ni saurayi ne a filin kokawa, ana yi mini kiɗa. Ku cire wannan munafukin, yana kashe wa mutane jiki." Ya ɗauki rigarsa, bai sake taka wurin ba.

A shekarar rikicin zaɓe hawan jini ya kwantar da shi, likita ya hana shi ɗaukar ko buta. Kasuwa a rufe, ana jin harbi daga nesa, shi yana kan tabarma. Na shiga wata safiya na same shi ido rufe, jijiyar wuya a tashe, zufa na zuba. Na ɗauka tafiya ce ta zo, na fara laƙƙana masa kalmar shahada.

Ya ce, "Yi mini shiru, ɗan nan, ban gama ba." A kwance, bai motsa ko yatsa ba, yake ɗaga ƙarfensa. Da ya gama ya ce in ba shi ruwa, wai yau ya yi ƙoƙari.

Na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, yau kuma wa ka maka da ƙasa?"

Ya ce, "Babu kowa. Waɗancan sunaye don ku yi dariya ne. Inna nake gani, kakarka, ta dawo daga daji da itace a ka, wuyanta na rawa. Ina yaro, na miƙa hannu in sauke mata, ban kai ba. Tun ran nan nake miƙawa."

Bai ga ƙarshen rikicin ba. Allah ya jiƙan Kawu Illo, ya sauke masa duk nauyin da ya tafi da shi, ya sada shi da Inna a inda ba a ɗaukar kaya. Amin.