Farcen Agya Adusei

Duk Suame, unguwar makanikai, babu wanda bai san Agya Adusei mai gyaran birki ba. Rumfata tana jikin tasa, don haka a kan idona ya tsufa. In ƙaramar tasi ta shigo, sai ya kwance taya, ya bi faifan birki da farcen babban yatsansa. In farcen ya sarƙe a wani zane, sai ya ce da direba, "Ɗana, wannan ya gama aikinsa. Ka sa sabo, ko ka je wani ya kashe ka, ba dai ni ba." Da haka har farcen ya cinye.

'Yarsa Afrakoma ce ta ɗauko hannunsa. Tun tana budurwa take ɗaura faifai a gefensa, har furfura ta same ta a rumfar.

Da ya rasu, dangin uwarsa suka zauna. A wurinmu ɗan 'yar'uwa ke gadon mutum, sai rumfar ta faɗa hannun ɗan 'yar'uwarsa Amoako, wanda ko sifana bai taɓa riƙewa ba. Tun ba a share makoki ba ya kira 'yan gwangwan, suka ɗora komai a sikeli. Allah wadai!

Tsohon faifai guda Afrakoma ta tsira da shi, yanzu a kansa take girka tukunya. Ranar da na je gaishe ta, na tarar tana bin sa da farce.

Ta ce, "Kawu, wannan bai gama aikinsa ba. Ni ma haka."