Shekara Tara Bayan Malam Ilu da Littattafansa Bakwai

Watan nan aka cika shekara tara da muka kai Malam Ilu makwancinsa a nan Jidda. Na so in rubuta addu'a kawai in yi shiru, amma abin da na ji makon jiya ya hana ni.

Malam Ilu Badamagare ne, tsohon malamin Faransanci. Umra ya zo ya zauna, ya ƙare yana cika wa mutane takardun iƙama a wani ɗan shago a unguwar Nuzla, wato izinin zama da ba a samu sai da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo. Ni kuwa tela ne, ban san ko "zo in kashe ka" da Faransanci ba. Amma duk Juma'a bayan la'asar sai mu hau saman gidansa, ya ɗauko tsofaffin littattafan marubutan Faransa na shekara ɗari uku baya, masu gashin aro har kafaɗa, yana karantawa yana juya mana da Hausa. Marowata da likitocin ƙarya da 'yan fadan da ke cikin littattafan, wallahi kamar a Nuzla aka haife su. Ya ce a zamaninsu manyan matan Faris ke buɗe zaure, marubuci ya karanta aikinsa a yi masa tankaɗe da rairaya kafin a buga. Ya ce su ma ba mai ci da alƙalami sai da wani basarake a bayansa. "Kun ga," in ji shi, "su ma da kafili suke." Muka yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Abin da ya juya mana bai bar shi a baki ba. Ya rubuta shi da ajami, littafi bakwai, don ya ce mutanenmu na nan da ba su yi boko ba su ma su karanta. Da ciwo ya tsananta, a gabana ya danƙa su ga Alhaji Sabi'u, amininsa mai yawan zuwa gida Nijar, ya ce a kai Yamai a buga. Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, "Halas, Malam, ka ɗauka an yi."

Shekara tara ina tambaya, shekara tara yana ce mini suna hannun mai bugawa. Makon jiya na tsare shi a ƙofar masallaci a unguwar Ammariyya na ce yau sai ya ba ni lambar mutumin. Sai ya sunkuyar da kai. Ashe ko sadakar bakwai ba a yi ba ya zuba su a akwatin nan na masallaci da ake tara yagaggun takardu masu sunan Allah a ƙone. Wai tatsuniyar Nasara da harafin Alƙur'ani nauyi ce ga mamaci a kabari, shi taimakonsa ya yi. Haba Alhaji! In haka ka gani, me ya hana ka faɗa masa yana da rai? Kai ne fa mai cewa a maimaita wurin da ya fi ba ka dariya. Lallai mugu shi ya san makwancin mugu, mu kam muna ta barci.

Ina tunanin me Malam zai ce yau, da yaranmu na unguwar Bani Malik ke jin Hausa su mayar da Larabci. Dominsu ya yi wahalar nan. Na san shi, ƙila ya yi murmushi ya ce a ba shi sabon littafi. Ni ba ni da wannan haƙurin. Raina ya ɓaci, kuma ban yafe ba tukuna.

Kwana uku na ajiye keken ɗinki ina rubuta abin da na iya tunawa daga bakinsa. Shafi biyu da rabi na samu, kuma ban san wanne nasa ba ne, wanne nawa. Abin da ya rage na Malam Ilu a duniya ke nan, sai mu uku da muka saura cikin waɗanda suka ji da kunnensu. Ɗaya cikinmu, Alhaji Sabi'u, shi ya sa aka ƙone littattafan. Jiya ya yi mini sallama na amsa, don wajibi ce. Ya miƙo hannu, ban karɓa ba.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya sa ya huta.