Dutsen Niƙa a Fadar Normawa

Tun kafin kowa ya buɗe baki na san za a rage mu. Shekarun nan ne da gwamnati ta matse kuɗin kansul, wato ƙaramar hukumar da muke wa aiki, ko'ina sallama ake yi. Ni ce sabuwa a cikin masu shara, ga goyo, ga maigidana yana karatu. Kullum na shiga bas daga unguwarmu Lozells da ke Birmingham, sai in ce yau ce ranar sallamata.

Wurin aikin wata tsohuwar fada ce a wani gari kusa da Birmingham. Normawa suka gina ta, mutanen da suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Da farko katako ce a kan tudun da aka tara da hannu, daga baya aka mayar da ita ta dutse. Duk a bakin masu zagayawa da baƙi na tsinci wannan, ina goge-goge.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Margaret, shugabarmu, ta kira ni ofis. Na ce shi ke nan. Sai ta miƙo mini doguwar riga da farin mayafi. Ashe an sallami matar da ke yin shigar kukun zamanin da don nuna wa baƙi, ga 'yan makaranta har sun iso.

Na ce, "Turancina fa?"

Ta ce, "Ni ce mai surutu. Ke dai niƙa."

Dutsensu ba irin namu ba ne. Biyu ne, ɗaya kan ɗaya, ana juya na saman da mariƙi. Na durƙusa a kicin ɗin fadar na fara juyawa. Da ƙamshin gari ya taso, sai ga ni a tsakar gidan kakata a Funtuwa. Ban san na fara waƙar niƙa ba, sai da wata yarinya ta ce, "Normawa ne suka koya miki?" Har Margaret ta yi dariya. Sannan ta gaya musu cewa mai fada kan sa a farfasa duwatsun talakawa, don dole su kai hatsi wurin niƙansa su biya. Na ƙara damƙe mariƙin.

Ba a sallame ni ba. Na daɗe a kicin ɗin nan, kuma ina kewarsa. Amma rigar ta yi mini tsawo, sai da na naɗe bakinta, kuma har na bar wurin ban ga mai ita ba. A aikinmu, a irin wannan lokaci, rigar da aka ba ka wani aka tuɓe wa.

Don Allah, ku sababbin shiga, ku tambayi sunan wadda kuka gada. Tawa Sheila ce.